Gonar da Annabi Irmiya Ya Saya Ana Tsakiyar Yaƙi

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Akwai ayar da kusan kowane mai bi ya haddace. Ana buga ta a kalanda, ana liƙa ta a bayan mota, ana karanta wa yara ita ranar da suka gama makaranta. Irmiya sura 29, aya 11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake yi wa mutanensa, shirin alheri ne ba na masifa ba, domin ya ba su makoma mai kyau da abin sa zuciya. To, su wa aka fara faɗa wa wannan magana, kuma a wane hali ta same su?

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya ci Urushalima. Ya kwashe Sarki Yekoniya da mahaifiyarsa, da fadawa, da mayaƙa, da maƙera, da masu sana'ar hannu. Littafin Sarakuna na Biyu ya ce mutum 10,000 aka tafi da su, aka bar matalautan ƙasa. Kayan Haikali ma ba su tsira ba. Sai ya ɗora Zadakiya a gadon sarauta, ya koma gida.

Ana cikin wannan baƙin ciki sai wani annabi mai suna Hananiya, mutumin Gibeyon, ya miƙe a cikin Haikali gaban firistoci da jama'a. Ya ce Ubangiji ya karya ikon Babila, kafin shekara 2 za a dawo da kayan Haikali, da sarki, da duk waɗanda aka kama. Wa zai ƙi jin irin wannan albishir? Irmiya kansa ya ce amin, Ubangiji ya sa haka ta kasance. Amma ya san ba saƙon da aka ba shi ke nan ba. A lokacin yana yawo da karkiyar itace a wuyansa, alamar bautar da ke jiran ƙasar. Hananiya ya cire ta ya kakkarya. Ubangiji ya aiko da amsa: an karya ta itace, ta ƙarfe na zuwa. A wata na 5 Hananiya ya yi annabcinsa, a wata na 7 na wannan shekarar ya mutu.

Wasiƙar da ke sura 29 Irmiya ya rubuta ta ne daga Urushalima, ya ba jakadun da Zadakiya ya aika Babila su kai wa waɗanda ke zaman bauta. Ku ji abin da ke cikinta. Ku gina gidaje ku zauna. Ku dasa itatuwa a lambuna ku ci 'ya'yansu. Ku yi aure, ku aurar da 'ya'yanku, ku riɓaɓɓanya, kada ku ragu. Ku nemi zaman lafiyar birnin da aka kai ku, ku yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce taku. Sa'an nan aya 10 ta faɗi adadin: sai Babila ta cika shekara 70 tukuna.

Shekara 70, jama'a. Dattijon da ya ji an karanta wasiƙar nan ya san ba zai sāke ganin Urushalima da idonsa ba. Mai shekara 30 ma da wuya. Waɗannan mutane ne aka ce wa shirin alheri ake yi musu. A ganina wannan ne ya sa ayar take da nauyi haka, gama a tsakiyar wahala aka faɗe ta, kuma Allah bai ɓoye musu tsawon wahalar ba.

Sun kuwa yi biyayya. Masu binciken tarihi sun sami allunan yumɓu daga wani gari a ƙasar Babila da ake kira Al-Yahudu, wato garin mutanen Yahuza, ɗauke da rubutun cinikinsu, da hayar gonaki, da biyan haraji. Mutanen da Zabura 137 ta ce sun zauna a bakin kogunan Babila suna kuka, sun tashi sun kama noma.

Yanzu mu je sura 32, inda Allah ya sa annabin ya aikata abin da yake wa'azinsa. Shekara ta 10 ke nan ta sarautar Zadakiya. Sojojin Babila sun dawo, sun kewaye Urushalima, shi kuma Irmiya yana tsare a farfajiyar masu gadin fada saboda ya ce birnin zai fāɗi. Sai ga Hanamel, ɗan baffansa, ya zo har inda yake tsare ya ce masa, ɗan'uwana, sayi gonata da ke Anatot, kai ne mai hakkin fansarta. Anatot mahaifar Irmiya ce, a ƙasar Biliyaminu, tafiyar kamar kilomita 5 daga Urushalima. Gona ce da ba zai iya zuwa ya gani ba, a ƙasar da abokan gāba suka riga suka mamaye. Duk mai hankalin ciniki zai ce asara ce.

Irmiya ya saya. Ya auna azurfa shekel 17 a ma'auni, ya sa hannu a takarda, ya kira shaidu, aka yi takarda biyu, ɗaya a hatimce, ɗaya a buɗe. Ya miƙa wa Baruk ɗan Neriya a gaban kowa, ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Dalilinsa ɗaya ne: Ubangiji ya ce za a sāke sayen gidaje da gonaki da gonakin inabi a wannan ƙasa.

Abin da nake ƙauna a wannan sura shi ne addu'ar da ta biyo baya. Irmiya ya fara da yabo, ya ce ba abin da ya fi ƙarfin Allah. Amma da ya kai ƙarshe sai ya zubar da abin da ke cikinsa: ga takobi, ga yunwa, ga annoba, birnin ya kusa fāɗawa, kai kuwa ka ce in sayi gona! Ya riga ya biya kuɗi, amma zuciyarsa tana rawa. Allah bai tsauta masa ba. Ya mayar masa da maganarsa cikin tambaya, ya ce shi ne Allah na dukan masu rai, ko akwai abin da ya gagare shi?

'Yar'uwa, ɗan'uwa, wataƙila kana kallon wannan daga garin da ba naka ba. A cikin ikilisiyoyinmu akwai da yawa da rikici ya raba da ƙauyukansu da gonakinsu. Wata kuma tana jiran haihuwa, wani aiki, wani yana jinyar da ta ƙi ƙarewa. Ba ni da ikon sa maka rana, kuma ka yi hankali da duk wanda ya sa maka rana da sunan Allah, musamman in ya ce sai ka biya. Riƙe abin da aka rubuta. Yesu ya faɗa a Yahaya 16:33 cewa a duniya za mu sha tsanani, amma ya yi nasara da duniya. Ibraniyawa 13:5 ta ce ba zai rabu da mu ba, ba kuwa zai yashe mu ba. Manzo Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa dukan alkawaran Allah a cikin Almasihu suke tabbata. Hausawa na cewa alkawari kaya ne, wannan kayan kuwa Allah ne ya ɗora wa kansa. Naka aikin shi ne na wasiƙar nan. Sa yaro a makaranta a inda kake. Koyi sana'a. Yi wa garin da ya karɓe ka addu'a.

Urushalima ta fāɗi, aka ƙone Haikali. Daga baya mutanensa suka tafi da Irmiya Masar ba da son ransa ba, kuma Littafi Mai Tsarki bai nuna ya taɓa noma gonar nan ba. A shekara ta 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya ba da izinin komawa gida. Ezra sura 2 ta lissafa waɗanda suka koma, mutum 42,360, dangi dangi, gari gari. In kun buɗe, ku sauka zuwa aya 23. Za ku ga an rubuta mutanen Anatot, su 128.