Guguwar fim da guguwar Oklahoma

Masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya kalli fim ɗin Twister, wanda aka fitar a Amurka a 1996, ba zai manta da saniyar nan da iska ta sura tana shawagi a gaban mota ba. Labarin wasu masu bincike ne a jihar Oklahoma da ke bin mahaukaciyar guguwa mai juyawa, wadda ake kira tornado, suna neman su saka mata na'urar da za ta auna cikinta. Wannan ɓangaren yana da tushe, domin a shekarun 1980 masanan yanayi na Amurka sun ƙera irin wannan na'ura mai suna TOTO, sai dai ba su taɓa dacewa guguwa ta bi ta kanta sosai ba.

Inda nake da ja shi ne ƙarshen fim ɗin. Jaruman biyu suka ɗaure kansu jikin bututun ruwa, guguwa mafi ƙarfi ta bi ta kansu, suka miƙe sumul, sai ɗan taɓo a fuska. Haba! Akasarin waɗanda guguwa ke kashewa tarkacen da ta kwaso ne ke halaka su: katako, kwanon rufi, gilashi, ƙarafa. Ranar 3 ga Mayun 1999, an auna iskar da ta afka wa yankin Moore a Oklahoma tana gudun kusan kilomita 480 a awa guda. A irin wannan gudu guntun katako ma kan huda bango, balle jikin ɗan Adam. A ranar ne kuma wasu suka fake ƙarƙashin gadar sama suna zaton mafaka ce, suka rasa rayukansu. A nan dole a yaba wa fim ɗin Twisters na 2024, don tun daga farko ya nuna cewa fakewa a gada ganganci ne. Amma shi ma daga baya sai ya ɓige da tatsuniyar cewa za a iya kashe guguwa da 'yan gangunan sinadari.

Ni a ganina matsalar ita ce fim yana buƙatar abokin gaba, sai a mayar da iska tamkar dodo mai gurnani da ke farautar jarumi, shi kuma ya tunkare ta gaba da gaba. Tim Samaras, injiniyan da aka sani da taka-tsantsan a sana'ar bin guguwa, ya rasu tare da ɗansa Paul da abokin aikinsa Carl Young ranar 31 ga Mayun 2013 kusa da garin El Reno a Oklahoma, lokacin da guguwar ta sauya hanya, ta kumbura har faɗinta ya haura kilomita 4.

Abin da ke ceton rai a zahiri ba shi da daɗin kallo a majigi: jiniya ta yi kuka, iyali su ruga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su duƙa su rufe kai. Gargaɗin ma yawanci 'yan mintoci ne. To wanda ba shi da wannan ɗaki fa? A Amurka, inda ake samun irin wannan guguwa fiye da 1,000 a shekara, mazauna gidajen tafi-da-gidanka (gidajen da ake iya ja da mota), waɗanda galibi masu ƙaramin ƙarfi ne, su ne suka fi shiga haɗari. Mu da muke ganin yadda iskar farkon damina ke yaye rufin talaka ta bar na mai kuɗi, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Fim kuma yakan ƙare da zarar iska ta lafa, alhali a garin Joplin na jihar Missouri, inda mutum 158 suka mutu a Mayun 2011, har babban asibiti ya lalace, an kwashe shekaru ana sake gini. Guguwar tornado da ta fi kowace kisa a tarihi ma ba a Amurka ta auku ba. A Bangaladash ce, a watan Afrilun 1989, ta halaka kimanin mutum 1,300, yawancinsu a ƙauyukan da gidajensu na kwano da kara ne.