Zane marar siffa da hoton kyamara: ina fasahar take?

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka.

Tambayoyi biyu ne a gabanmu, kuma uwarsu ɗaya. Zanen da babu mutum, babu itace, babu gida a cikinsa, sai launi da layi, shi ma fasaha ne? Wanda kuma ya danna kyamara, na'ura ta fitar masa da hoto, za a kira shi mai fasaha? Na farko laifinsa bai yi kama da komai ba, na biyu kuwa wai kamannin sun zo masa a ɓagas. Da kama ake auna su duka, ni kuwa a ganina ma'aunin ne ba daidai ba.

Gardamar ta tsufa. A 1839 aka bayyana hanyar ɗaukar hoto ta Daguerre a Paris. A 1859 marubucin Faransa Baudelaire ya ce iyakar matsayin hoto ya yi wa ilimi da fasaha barantaka. Amma a 1884 Kotun Ƙolin Amurka ta duba hoton da mai ɗaukar hoto Napoleon Sarony ya ɗauki marubuci Oscar Wilde, ta ce aikinsa ne, yana da haƙƙin mallaka. Ku saurari hujjar: shi ya tsara zaman mutumin, shi ya zaɓi tufafi da labule, shi ya daidaita haske da inuwa. Wato abin da alƙalan suka ƙirga shi ne zaɓin da ɗan Adam ya yi kafin na'ura ta motsa.

Da wannan ma'aunin za mu auna zane marar siffa. Hilma af Klint ta Siwidin ta fara shi a 1906, mai zane Kandinsky ɗan Rasha wajen 1911, sannan a 1915 mai zane Malevich ya rataye baƙin murabba'i kan farin fili a birnin Petrograd na Rasha. Akan ce kyamara ce ta kori masu zane daga kwaikwayo. Da ƙamshin gaskiya, amma ba ita kaɗai ba: Kandinsky kiɗa yake hange, yana so launi ya taɓa zuciya kai tsaye yadda sauti ke yi.

To, mu zo kan maganar nan ta "ko yaro ma zai iya". Bismillah, a gwada. A shafe ƙyallen da za a yi zanen a kai da farin fentin share fage sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. In ba haka ba zaren zai shanye man fentin, launi ya dushe, ƙyallen ya ruɓe a hankali. A taƙaita launuka, uku da fari da baƙi sun isa. Abin da ya fi kayar da sabon hannu shi ne cakuɗa kishiyoyi tun suna ɗanye: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. Ko wanne biyu ka dama, ruwan ƙasa mai datti za ka samu. Fentin akirilik yana bushewa cikin mintuna, kuma yana ƙara duhu in ya bushe, don haka a haɗa shi da ɗan haske fiye da yadda ake so. Fentin mai kuwa ƙa'idarsa ita ce shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi. In aka juya, na sama zai riga bushewa, na ƙasa yana motsi, sai fuskar zanen ta tsattsage. Ana ɗora na mai kan akirilik, amma akirilik kan na mai ɓarewa yake yi.

Ko Jackson Pollock, mai zane ɗan Amurka da ake yi wa kallon mai watsa fenti kawai, daga 1947 yakan shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana ɗiga fentin gida da sanda. Kaurin kowane layi yana bin saurin hannu, da nisan sandar daga ƙyalle, da yadda aka tsinka fentin. Ka ja da baya taku biyar ka kanne ido: in duhu ya taru gefe guda, zanen ya karkace.

Kyamara ma tana iya barin kama. Mai ɗaukar hoto Alfred Stieglitz ɗan Amurka ya yi shekaru daga 1922 yana ɗaukar gajimare zalla, ba ƙasa ba bango, har mai kallo ya rasa sama da ƙasan hoton. Ga gwaji: a sa ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) a 100, a tsuke ƙofar haske zuwa f/16, a bar marfin a buɗe rabin daƙiƙa, sai a ja kyamarar daga sama zuwa ƙasa a gaban jerin itatuwa. Layukan launi za su fito. Da tsakar rana hoton fari fat zai yi saboda haske ya yi yawa, sai a jira yamma ko a sa gilashin rage haske. Kuma a fara jan hannun kafin a danna, in ba haka ba farkon layin zai karye.

Kada a fahimce ni a baibai. Hoton fasfo ba fasaha ba ne, an riga an yanke maka komai: fili, haske, zaman kai. Haka fentin da ya zube bisa tsautsayi.

Na ƙarshe, hoto ba tare da kyamara ba, hanyar shuɗin hoto da masanin kimiyya John Herschel ɗan Ingila ya gano a 1842. A narka giram 25 na sinadarin ferik amoniyam sitiret a ruwa mililita 100, giram 10 na fotasiyam ferisayanayid a wani ruwan mililita 100, a haɗa daidai wa daida a inda babu hasken rana. A shafa wa takarda mai kauri, ta bushe sarai a duhu. A jera ganye ko zare a kai, a danne da gilashi, a shanya a rana minti 10 zuwa 20, sannan a wanke da ruwa har rawayar ta fita. In shuɗin ya bi ruwa, rana ba ta ishe shi ba. In gefen siffa ya yi dishi-dishi, gilashin bai danne ba. In kuma launin ya koɗe daga baya, takardar ce mai alli a jikinta, sai a canza ta.

Nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu.