Motarka na nuna MPG? Ga yadda ake mayar da shi kilomita a lita

Kalli dashbod ɗin motarka. A ce an rubuta 30 MPG. Yawancin motocin tokunbo da ke shigowa daga Amurka haka suke nuna shan mansu, wato mil nawa mota ke ci da galan ɗaya. Mu kuwa da lita muke sayen fetur, da kilomita muke auna hanya, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace lita ta zama abin lissafi.

Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne. Idan ka raba na farko da na biyu za ka samu 0.425, kuma wannan lambar ce za ka riƙe. Ninka MPG da 0.425, ka samu kilomita a lita. MPG 30 ke nan kilomita 12.75 a kowace lita.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin galan iri biyu ne. Na Ingila lita 4.546 ne, ya ɗara na Amurka da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Idan lambar daga Ingila ta fito, da 0.354 za ka ninka, sai MPG 30 ɗin nan ya koma kilomita 10.6 kacal. Ɗauki hanyar Kano zuwa Kaduna, kusan kilomita 230. Motar farko lita 18 za ta sha, ta biyu kusan lita 22, alhali lamba ɗaya aka rubuta musu. Galan ɗin 'yan bumburutu kuma, wanda galibi lita 4 ne, kada ma ka sa shi cikin wannan lissafi.

Motocin sauran ƙasashen Turai kuma lita nawa a kilomita 100 suke nunawa. A nan ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Raba 100 da lambar: lita 8 a kilomita 100 daidai yake da kilomita 12.5 a lita.

Sai dai lambar da kamfani ya rubuta a ɗakin gwaji aka samo ta, kan sabuwar mota. Taka ta yi shekaru, tana shan cunkoso da AC a kunne, don haka auna ta da kanka. Je gidan mai, a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, kada a ƙara ko ɗigo. Mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili. Yi zirga-zirgarka yadda ka saba, aƙalla kilomita 300. Ka koma famfon nan dai, a sake cikawa har ya tsaya. Litar da ta shiga karo na biyu ita ce abin da motar ta sha.

Misali mita ta nuna 200, lita 28 ta shiga. Tsaya ka duba ko mitar mil take ƙirgawa. In mil ne, 200 sau 1.609 kilomita 322 ke nan, a raba da 28, ya ba da 11.5 a lita. Wanda ya manta da wannan zai samu 7.1, ya ɗora wa motar laifin shan mai, ya kai ta gareji a banza.

Taya ma na ɓata lissafi. Idan an sa wadda ta fi ta asali tsayi, mita za ta ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi. Maimaita awon sau uku ka ɗauki matsakaici. In lambar ta faɗi ƙasa sosai, fara da iskar taya, sannan fulogi, sannan na'urar oksijin da ke jikin salansa.