Almorzar: Aikatau Mai Siffar Takalmi

(An rubuto wannan lacca ne daga muryar da aka naɗa a wani zama na masu koyon Sifaniyanci.)

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da war haka. An ba ni magana daf da azahar, kuma daga nan ina hango fuskokin da cikinsu ya fara kiran ciroma. Shi ya sa na zaɓo kalmar da ta dace da lokacin, wato almorzar, cin abincin rana.

Bari in fara da allo. Layi biyu zan yi. A hagu: yo almuerzo, ina ci, tú almuerzas, kana ci, él almuerza, yana ci. A dama: nosotros almorzamos, muna ci, vosotros almorzáis, kuna ci, ellos almuerzan, suna ci. To ku dubi tsakiyar kalmar. A wurare huɗu wasalin o ya ɓace, ue ta zauna a gurbinsa. A wurare biyu, mu da ku, o na nan daram. In ka ɗauki alli ka zagaye huɗun nan, uku na hagu da na ƙasan dama, abin da zai fito maka shi ne hoton takalmin soja. Malamai na son wannan zanen ƙwarai, su ce wa ɗalibi ya haddace takalmi. Ni ma da shi aka koya mini, kuma na yi wata da watanni ina cewa yo almorzo, mutane na kawar da kai suna murmushi.

Bahaushe yana da dalilin jin nauyin abin. A wurinmu aikatau ba ruwansa da wanda ya yi aikin: na ci, ka ci, sun ci, za mu ci. Wakilin suna ne ke ɗaukar kayan, "ci" na zaune abinsa. Amma kada mu cika baki. Wa zai gaya mini me ya sa muke cewa na sayi rago, na saye shi, ga abin da na saya? Sayi, saye, saya. Ba wanda ya zaunar da ku ya ba ku hadda, kunne ne ya kama. Waɗanda suka yi sarfu a zaure kuma sun san ƙala da ƙultu da yaƙulu, aikatau ɗaya ne cikinsa ke juyawa.

Abin da nake so ku tafi da shi yau, wannan aikatau da littattafai ke kira mai karya doka, doka yake bi sau da ƙafa, sai dai dokar a kunne take. Kusan kowace kalmar Sifaniyanci tana da gaɓa ɗaya da ake danna wa murya. Ku tafa tare da ni a kanta. Al-MUER-zo. Al-MUER-zan. Yanzu al-mor-ZA-mos. Kun ji inda tafin ya koma? Duk inda nauyin murya ya sauka a kan o ɗin nan, sai ya tsage gida biyu ya zama ue. Da zarar nauyin ya matsa gaba zuwa wutsiyar kalma, o ya samu sarari ya koma yadda yake. Takalmin nan da ake zanawa ba komai ba ne illa taswirar inda murya ke sauka.

Abin kuwa tsohon gado ne. Sifaniyanci daga Latin ya fito, kuma gajeren o na Latin, in murya na kansa, ya rikiɗe ya zama ue a bakin mutanen Kastila, wani yanki na Sifaniya. Porta, ƙofa, ta zama puerta. Amma mai tsaron ƙofa, wanda masu kallon ƙwallo suka sani a matsayin gola, portero ne, domin murya ta bar wurin. Tara nueve ce, casa'in kuwa noventa. Maƙwabtansu mutanen Fotugal ba su yi wannan tsagar ba, har gobe porta suke cewa, abincin rana kuma almoço. Hujjar da ta fi burge ni tana Ajantina. Can ba su cika cewa tú ba, vos suke cewa, kuma suna kai nauyin murya ƙarshen kalma. Me kuke zato zai faru? Vos almorzás. Ba ue, ba ƙurarta. Ba wanda ya kira taro ya yanke haka, harshe ne ya bi hanyarsa.

Sai dai in yi muku adalci. Ba kowane o ne ke tsagewa ba. Tomar, ɗauka ko sha, tomo ake cewa; comprar, saye, compro. Saboda haka akwai hadda, amma guda ɗaya tak: shin wannan aikatau ɗan gidan ne ko ba ɗan gidan ba? Sau da yawa sunan da ke tare da shi yana tona masa asiri. Abincin rana el almuerzo ne. Labari cuento ne, aikatau ɗinsa contar. Mafarki sueño, aikatau soñar. In ka ga ue a suna, ka zuba ido.

Na'am, Malama, ga hannunki can baya.

(Wata ɗaliba ta tambayi dalilin da ya sa ake rubuta almorcé da harafin c, alhali asalin kalmar da z take.)

Madalla, kin riga ni zuwa inda za ni. Wannan ciwo na biyu ne, kuma bai haɗa hanya da na farko ba. Na farko a baki yake, wannan a alƙalami kawai. A ƙa'idar rubutunsu, z ba ta cika zama gaban e ko i ba, c ce ke karɓar aikin, sautin kuma bai canza ko kaɗan ba. Fensir ɗaya lápiz, da yawa lápices. Haka nan na ci abincin rana jiya, almorcé. Sauran duk z ɗinsu na nan: almorzaste, almorzó, almorzamos, almorzasteis, almorzaron. Ku lura kuma, a shuɗaɗɗen lokacin nan ba ue ko ɗaya, don murya duk a wutsiya take. Haka almorzaba, na kasance ina ci, da almorzaré, zan ci. Almorzamos kuwa fuska biyu gare ta, muna ci da mun ci. Sai ka ji an ce ayer, jiya, ko todos los días, kullum, sannan ka rarrabe.

Yadda ake furta z da c ɗin ma ya danganta da inda ƙafarka take. A Madrid harshe ake sakawa tsakanin haƙora, kamar harafin sa'un mai ɗigo uku na Larabci. A Latin Amurka da tsibiran Kanari da wani yanki na Andalus, s ce tsurarta. Mu da muka mayar da sunan Sayyidina Usman da s, mun san wannan hanyar, kuma ba wanda zai tuhume ka a Bogota ko Lima.

Inda cututtukan biyu ke haɗuwa shi ne wurin fata da buƙata da hani. Quiero que almuerces conmigo, ina so ka ci tare da ni. Ga ue saboda murya, ga c saboda e. No almuerces solo, kada ka ci kai kaɗai. In dattijo ne za ka girmama shi, almuerce usted. Ku kwatanta almuerce da almorcé, ko almuerzo da almorzó, ina ci da ya ci. Ɗan karan nan da ke bisa wasali ba ado ba ne, shi ke nuna inda murya ta sauka.

Wani ya raɗa mini kafin mu fara cewa kalmar ta yi masa kama da Larabci. Bai yi nisa da gaskiya ba. Musulmi sun shiga Sifaniya a 711, mulkinsu na ƙarshe a Garnaɗa ya faɗi a 1492, kuma sun bar ɗimbin kalmomi masu al a goshi. Magajin gari a wurinsu alcalde ne, daga tushen da ya ba mu alƙali. Matashin kai almohada. Ita almuerzo gangar jikinta Latin ce, daga kalmar cizo, wato loma. Goshin ne ya ɗauko kamannin Larabci. Karin kumallo kuwa desayuno, warware azumi, kusan yadda mu ma muke tunaninsa.

Loman nan ya taɓa ja mini kunya a birnin Balensiya na Sifaniya. Wani abokin karatu ya ce mini mañana almorzamos. Na ce to. Washegari na ƙi cin komai, na ware ƙarfe biyu na rana, tunda a Sifaniya lokacin nan ake babban ci. Agogonsu ma yana gaban rana tun 1940 da gwamnatin Faranko, shugaban ƙasar na wancan lokacin, ta tura shi gaba da awa ɗaya. Ƙarfe goma na hantsi sai ga kira, wai ina nake, suna jira. Ashe a wurinsu almuerzo cin hantsi ne: dogon burodi da aka cusa wa wainar ƙwai da dankali, ga zaitun, ga gyaɗa da ɓawonta a ɗan faranti. Na isa da gumi na tarar da ɓawon gyaɗa tuli a kan tebur. Na ƙarfe biyun la comida suke ce masa, aikatau ɗinsa comer. A Meziko ma kusan haka ne. A Kolombiya da Peru da Ajantina ne almuerzo yake daidai da abincin ranarmu.

To, ga gwaji kafin mu tashi. Yaya za a ce "mu ci abincin rana"? Ku nemi inda murya za ta sauka, sannan ku dubi wasalin da ke bin z. Kai ɗan'uwa mai farar hula. Almuercemos? A'a, tafa ka ji. Al-mor-CE-mos. Yauwa, almorcemos: c na nan, ue babu. A titi dai vamos a almorzar za ku fi ji. Ga ladan can ya fara, a yi salla tukuna, masu kuloli kuma na ga sun iso bakin ƙofa.