Goɗiyar da za a raina a gidanmu, ita aka taya dala dubu 60 a Texas

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iska, a waje nake bayan tirelolin dawakai, wani ɗan gari ne nan kusa da Fort Worth a Texas. Wallahi abin ne ya tsaya min a rai shi ya sa na kunna kyamara tun ban kai mota ba. Kun hango goɗiyar can da ake wanke wa ƙafa da tiyo? Ƴar jan nan, gajera, ba wuya ba geza ba komai. To yanzun nan a gabana wani mai malafa ya taya ta dala dubu 60, mai ita ta ce albarka. Albarka fa jama'a! Ku buga da naira ku gani, ni na daina irin wannan lissafin saboda lafiyata.

Abin da ya sa ya dame ni, ni a gidan doki na tashi a Zariya, kawuna Allah ya jiƙansa da turke uku ya rasu, kuma na rantse da an kawo masa wannan goɗiya kyauta cewa zai yi a kai wa masu amalanke. Mu ai ingarma muke nema, mai tsayi, mai faɗin ƙirji, wanda in an ɗora masa jalala ya fito ƙofar fada sai an dare masa hanya. Namiji da rawaninsa a kan goɗiya ranar hawan daushe? Haba, sai dai a labari.

Su kuma nan wasan nasu daban ne, tseren kewaya ganga, shi goɗiyar nan take yi. Ganguna uku ake kafawa, irin gangar man nan ta galan 55, biyu a gaba ɗaya a can ƙurya, tsakanin na gaban ƙafa 90, daga kowacce zuwa ta ƙuryar ƙafa 105 in filin ya isa. Mahayiya ta shigo a sukwane ta kewaye ta farko, ta tsallaka ta kewaye ta biyu, ta wuce ta uku, sannan ta sako doki ya dawo da iya ƙarfinsa. Babu alƙali mai cewa wance ta fi kyan zama, na'ura ce take ɗaukar lokaci, in kika ture ganga a ƙara miki daƙiƙa 5, shi kenan kin yi asarar kuɗin shiga. Kuma mata ne fa suka riƙe harkar, tun 1948 suka kafa ƙungiyarsu a San Angelo nan Texas. A babbar gasar da ake yi a Las Vegas duk Disamba, filin ƙarami ne, wata Hailey Kinsel ta yi shi a daƙiƙa 13.11 a 2017, ita ma a kan goɗiya, wai ita Sister. Kafin ka ce kwabo an gama an fita.

Mai goɗiyar dattijuwa ce, ta haifi kamata, hannunta duk kanta. Da ta ga na tsaya ina kallo na ce mata ranki ya daɗe, me aka gani a jikin wannan da har kika ƙi wannan kuɗi? Sai ta yi dariya ta ce in zo in tsaya a gefe, kar in kalli fuska. Ta sa yatsa tun daga inda wuya ya haɗu da baya ta ja zuwa ƙugu, ta ce ka ga gadon bayan gajere, amma duba cikin ta ƙasa, dogo ne, shi ke ba ƙafar baya wurin shigowa. Ta nuna min kafaɗa, ba a tsaye take cak ba, ta ɗan kwanta, wai mai miƙaƙƙiyar kafaɗa takunsa gajere ne kuma yana jijjiga mahayi. Sannan ta durƙusa, tsohuwa fa, ta kama gwiwar ƙafar baya ta ce nan kuɗin yake. Gwiwar tana ƙasa ƙasa kusa da turɓaya, ƙwaurin gajere, cinyar cike har ta sauko. Ta ce in goɗiyar nan ta zo ganga zama take yi a kan ƙafafun baya kamar ɗan kokawa ya sunkuya zai ɗauki mutum, sai ta murɗa ta cilla kanta gaba, dogon doki mai gwiwa a sama kafin ya tattaro jikinsa an wuce shi. Ta ɗaga kofato ta kankare da ɗan ƙarfe ta ce in duba faɗinsa da kaurin dunduniyar. Duk wannan bayani ko sau ɗaya ba ta ambaci launi ba, mu da sai an yi rabin awa ana gardamar kili ne ko bidi.

Nan ne fa na tuna wanda na gani a Oklahoma City a watan Nuwamba, wajen gasar nuna dawakai ta ƙungiyar Quarter Horse, irin dokin nan nasu da ya yi suna da gudun rubu'in mil. Akwai ajin da ba a hawa sam, da ragama ake jawo doki a tsayar da shi alƙalai su zagaya suna kallo. Jama'a na ga wani ingarma, wallahi da kawu ya gan shi sai ya sayar da gona. Tsoka kan tsoka, sheƙi kamar an shafa masa mai. Amma ka kalli ƙasa, kofato ɗan mitsitsi a ƙarƙashin wannan uban jiki, ƙafar baya a miƙe sambal babu lanƙwasa. Masu ganga ko kallon irinsa ba sa yi, sun ce ba zai jure murɗiyar ba. Iri ɗaya, rajista ɗaya a hedkwatar ƙungiyar da ke garin Amarillo, amma kiwo ya raba su gida biyu.

Kuma ga inda nake jan kunnenku. Akwai wani shahararren ingarma na wannan ajin mai suna Impressive, an haife shi 1969, kowa ya yi ta kai masa goɗiya saboda tsokarsa, ashe akwai ciwo a jininsa, HYPP suke ce masa, doki yana tsaye lafiya lau sai jiki ya kama rawa, wani ya zube, wani ma ya mutu. Jikokinsa sun cika ƙasa kafin a gano. Yanzu gashin geza ko na wutsiya ake tsigewa da saiwarsa a aika ɗakin gwaji, a duba wannan da wasu cututtukan gado, kuma tun 2007 ɗan dukushin da ya gaji ciwon ta uwa da uba duka ba a yi masa rajista. Don haka duk wanda ya turo maka hoton doki a Facebook yana ƙyalli, ka ce ya turo takardar gwaji tukuna. Ka kuma kira likitanka, ba na mai sayarwa ba, ya lanƙwashe kowace ƙafa ya riƙe kamar minti ɗaya sannan a sa dokin sassarfa a kan ƙasa mai tauri, in akwai ɗingishi nan zai fito. Da hoton ƙashi da ɗiban jini wani abokina ɗan Ghana dala 900 ya biya, ya yi ta mita, amma jinin ake dubawa a gane ko an ɗura wa doki maganin kashe zafi kafin ka zo.

Wani abin da har yau bai zauna min ba shi ne dandaƙa. Yawancin mazan dawakan da suke tsere a nan duk an dandaƙe su, wai sun fi natsuwa. Ka ce za ka dandaƙe ingarma a gidanmu ai sai a tara maka dangi. Su ma ta taɓa cin su, Scamper dokin wata mahayiya Charmayne James, wanda aka samo a wajen kiwon shanu ba a ɗauke shi bakin komai ba, ya ci kambun duniya na tseren ganga sau 10 a jere daga 1984 zuwa 1993, a 1985 ma linzami ya zame daga kansa ana tsakar gudu ya ƙarasa a haka ya ci zagayen, to ga shi dandaƙaƙƙe, ba iri. Sai a 2006 suka ɗauki ƙwayar halittarsa aka samar da wani kwafinsa mai suna Clayton don a samu na barbara. Allah mai iko. Goɗiya kuwa ba ta ma tsayawa ɗaukar cikin wata 11, a yi mata barbara ta allura, bayan kamar mako guda a cire ɗan tayin a dasa wa wata, ita ta koma fili ta ci gaba da neman kuɗi.

Amma fa kar ku ji ina yabonsu ku ɗauka sun fi mu hawa. Ina! Yaran unguwarmu da suke sako doki a guje su zo gaban sarki su ja zamiya ƙura ta tashi, ga nauyin kaya ga rana ga bindiga tana tashi a kunnen doki, a ba su wata uku da gangunan nan ku ga aiki. Jiya da dare bidiyon hawan bana na yi ta kallo har na kasa cin abinci, ƙarar algaita kawai na ji sai ga hawaye.

Alhajin da ya kira ni daga Kaduna wai in nemo masa irin waɗannan a sa a jirgi, ranka ya daɗe ina gaisuwa, amma ka fara zama da likitan dabbobi. Akwai ciwon dawakai na Afirka da ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, namu na gida sun ɗan saba da shi, baƙon doki kuwa kwana kaɗan yake kayar da shi. Ka tambayi masu folo da suke kawo na Ajantina irin hidimar rigakafi da gidan sauro da suke yi, in ka ji za ka iya sai mu yi maganar kuɗin jirgi. Bari in je, la'asar tana neman wuce ni.