Ba bolt ke narkar da waya ba, amfiya ce

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Agege, Idi-Araba, Mile 12 da duk inda kuke kallonmu a Legas, barkanku da warhaka. Yau kan karent za mu yi magana, wato gudun wuta a cikin waya, don na lura kowa bolt ya sani, da fanka ta rage gudu sai kaji ana cewa NEPA sun kawo lo bolteji, amma ka tambayi mutum amfiya nawa hitarsa ke ja sai ya tsaya yana kallonka.

Ka ɗauki tankin ruwan da ke saman bene. Ƙarfin da ke turo ruwan ƙasa shi ne bolt, yawan ruwan da ke wucewa ta bututu a kowace daƙiƙa shi ne karent, da amfiya ake auna shi, matsin bututun kuma shi ne turjiya, ana auna ta da om. Wani Bajamushe Georg Ohm ne ya fitar da lissafin a 1827: raba bolt da om, abin da ya fito shi ne amfiya. Kuma wuta ba ta gudu sai hanya ta zagayo, ta fita ta wayar da ke kawo ta, wato layif, ta ratsa kayanka ta koma ta wayar da ke mayar da ita, wato nutural. Makunnin bango ba abin da yake yi illa yanke wannan zagayen.

Toh wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, ko Ikeja Electric ke ba ka ko Eko. Juya dutsen gugarka ka duba bayansa, za ka ga an rubuta wat, wato yawan wutar da yake ci. In wat 1000 ne, raba da 230, kusan amfiya 4 da ɗan ɗoriya. Butar lantarki mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9. Yanzu kalli wannan ekstenshan ɗin da ke hannuna, a jikinsa an rubuta amfiya 13, ka jona buta ka jona dutsen guga ka riga ka haura, ga firiji kuma ga cajar mutum biyar na ɗaki, kuma wallahi irin masu arhar nan in ka fere wayar cikinsu silin tagullar bai kai a kirga ba, ko rabin 13 ɗin ba zai ɗauka ba. Shi ya sa kake jin warin roba, ka taɓa fulogi ka ji zafi rau. Waya mai 1.5, wato lambar kaurin tagullar cikinta, ta fitilu ce, soket 2.5 ake sa masa, esi da kukar girki kuwa a kai su 4 ko sama. In ka shiga kasuwar Alaba sayen waya kar ka tsaya kan kaurin roba, ka ce a fere maka bakinta ka gani da idonka.

Sai awo. Tastar nan mai kama da sukundireba da kowa ke sawa a aljihu, ita dai ta ce maka akwai wuta, shikenan, ba ta san nawa ba. Maltimita ake buƙata. In bolt za ka auna, ka juya ta kan V mai alamar lanƙwasa, tsinke ɗaya a layif ɗaya a nutural. Amfiya kuwa daban ce, dole wutar ta bi ta cikin mitar, wato a yanke layi a sa ta a tsakani. Dan Allah kar ka bar mita a kan A ka cusa tsinkayenta a soket, ka haɗe layif da nutural kenan kai tsaye, in ka yi sa'a fis ɗin ciki ne kawai zai tafi. Ni dai a wutar gida mita mai baki kamar filaya na fi so, ka maƙala ta a waya ba tare da ka yanke komai ba. Amma waya ɗaya tak fa, in ka haɗa layif da nutural a bakinta sifiri za ta nuna maka don mai tafiya da mai dawowa sun soke juna.

Yanzu jikin mutum. Amfiya ɗaya miliamfiya 1000 ce. Wajen 10 zuwa 20 kawai sun isa su danƙare maka hannu ka kasa sakin waya, 100 in ta ratsa ƙirji tana iya birkita bugun zuciya. Busasshiyar fata tana da turjiya sosai, amma jiƙaƙƙen jiki yana iya saukowa wajen om 1000, raba 230 da 1000 kaga miliamfiya 230 kenan. Ga damunar Legas, ruwa har cikin ɗaki, mutum ba takalmi yana jawo wayar janareta. Fis mai amfiya 13 ko motsi ba zai yi ba don waya yake karewa, ba kai ba. Abin da ke kare mutum shi ne atin mai kyau, wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, da birekar nan mai ɗan maɓallin gwaji da ke faɗuwa a miliamfiya 30, ka riƙa danna maɓallin lokaci lokaci ka ga ko tana aiki.

Masu jona janareta ta soket ba canji-oba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta NEPA, ku daina, wutar tana komawa layi ta sami wanda ke kan fol yana gyara. In kuma wuta ta kama wani a gabanka kar ka cafke shi da hannu, kashe babban makunni, in ya yi nisa ture shi da busasshen katako, sannan a kira 767 ko 112, kuma ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.