Da me ake gane wanda aka sake haifa?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya zaga majami'un Zariya ranar Lahadi, daga Wusasa zuwa Sabon Gari har Samaru, da wuya ya rasa jin wani ya miƙe yana ba da shaida cewa ya sami maya haihuwa, wato an sake haifarsa a ruhaniya. Sharhinmu na yau zai duba yadda ake gane gaskiyar wannan shaida.

Tushen maganar yana cikin Yohanna sura 3, inda Yesu ya gaya wa Nikodimu cewa in ba a sake haifar mutum ba, ba zai ga Mulkin Allah ba. Wannan haihuwa aikin Ruhu ce, ido ba ya ganinta. Amma manzo Yohanna ya bar wa ikkilisiya ma'auni a wasiƙarsa ta fari. A sura 3 aya 14 ya ce ƙaunar 'yan'uwa ce ke nuna mutum ya ƙetare daga mutuwa zuwa rai. A sura 4 aya 20 kuwa bai rage murya ba: wanda ya ce yana ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa, maƙaryaci ne.

A nan wasu ke juya lissafin, su ɗauka da kyauta da hidima ake sayen sabuwar haihuwa. Afisawa sura 2 ta sa alheri da bangaskiya a gaba, kyawawan ayyuka suka biyo baya. Mai rabon shinkafa don a ce ya tuba, tamkar wanda ya ɗaura mangwaro ne a reshen darbejiya, kwana kaɗan zai ruɓe.

To, yaya ƙaunar gaske take a aikace? A dubi Basamariyen da ke cikin misalin Yesu a Luka sura 10, wanda ya tarar da mutumin da 'yan fashi suka ji wa rauni a hanya. Ya zuba wa mai rauni mai da ruwan inabi, ya ɗaure raunin, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kwana yana jinyarsa, ya bar wa mai masauki dinari 2, wato ladan lebura na kwana 2, sannan ya ce in kuɗin ya zarce zai biya idan ya dawo. Wannan dawowar ce ke ka da mutane da yawa. Zuwa dubiya asibitin koyarwa na Shika da lemo a leda abu ne mai sauƙi. Komawa bayan an sallami majinyaci, a tambayi ko ya iya sayen maganin da aka rubuta masa, nan ake sanin wanda ya damu. In kuma jini ake nema, leda guda kimanin mililita 450 ce, kuma namiji lafiyayye na iya bayarwa duk wata 3.

Abin da ya fi yawan lalacewa a majami'unmu shi ne rabon taimako. Ba sabon ciwo ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 6, Yahudawa masu jin Helenanci, wato harshen Girka, sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri kawai ba. Sun sa aka zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida aka danƙa musu aikin, kuma dukansu sunayen Helenanci gare su, wato na harshen masu gunagunin. Ikkilisiyar da ta tara Bahaushe da Bajju da Ibo da Bayarabe, irin na Sabon Gari, ta koyi wannan. A rubuta sunayen gwauraye da marayu a littafi guda, dattawa da Zumuntar Mata su tantance tare, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da kuɗi ko hatsi. Lokaci ma abin lura ne. Kowa na tuna mabukata a Kirsimeti, alhali yunwa ta fi cizo a Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai iso ba. A kuma daina kiran sunan mai karɓa a gaban taro, Matiyu sura 6 ta ce kada hagu ta san abin da dama ke bayarwa.

Kada kuma ƙaunar ta tsaya a ƙofar majami'a. Matiyu 5 aya 46 ta ce ko masu karɓar haraji suna ƙaunar masu ƙaunarsu. Mishan ɗin da Dokta Walter Miller ya kafa a birnin Zariya, wanda ya koma Wusasa a 1929, ya bar asibitin St. Luke, inda Kirista da Musulmi ke bin layi guda. Maƙwabcinka Musulmi da aka yi wa rasuwa, ka je gaisuwa. Ɗan aikin da ya yi maka noma, ka biya shi ran nan, kamar yadda Littafin Firistoci 19 aya 13 ya umarta.

Saura batun saɓani, wanda ya fi kyauta wuya. Matiyu 18 ta jera matakai: ka sami wanda ya yi maka laifi ku biyu kaɗai, in ya ƙi ji ka koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya sake ƙi sannan a kai gaban ikkilisiya. Yau da yawa daga na ƙarshe suke farawa, su watsa zancen a WhatsApp na zumunta kafin mai laifin ya ji daga bakinsu, shi kuwa da ya ga an tona shi sai ya kafe. Fasto ko dattijon da aka kawo wa ƙara, ya fara tambayar mai ƙarar ko ya je ya sami mai laifin su biyu. In bai je ba, a mayar da shi ya je tukuna.